Ƙafar Kuloci

A layin masu gyaran mota ba wanda ya san sunansa na gaskiya, Kunne kawai ake ce masa, kuma ya ci sunan. In ka kawo masa mota ka buɗe baki za ka ce tun jiya take wani ƙara, sai ya ɗaga maka hannun nan nasa da baƙin mai ya rine, ya ce ka rufa masa baki. Ya sa ka tayar da ita, ya karkata kai jikin bonet kamar mai sauraron faɗan maƙwabta ta bayan katanga, sannan ya shiga ya zagaya layin da ita, ya dawo ya gaya maka abin da ya lalace. A wurinsa duk makaniken da zai tambayi mai mota me ke damunta ba gwani ba ne, lalube yake yi. Da wannan aƙida ya yi furfura, da ita ya ciyar da gidansa.

Ciwon ya same shi ne ranar da ya sunkuya zai ɗaga akwatin giyar wata mota, ya ji wani abu ya ce ƙas a ƙugunsa. Ya miƙe ya yi kamar ba shi ba. Daga ƙugu abin ya gangara ƙafar hagu kamar an ja masa wayar wuta har diddige. Wannan duk mai sauƙi ne, don Kunne ba baƙon ciwo ba ne. Abin da ya tayar masa da hankali shi ne da babban ɗan yatsan ƙafar ya daina jin komai. Ƙafar hagu kuwa ita ke taka kuloci, da ita yake jin mota kamar yadda yake jin ta da kunne. Wata rana ƙafar ta zame, motar mutane ta yi tsalle ta rungumi katangar gareji, shi kuma ya fito yana zagin birki. Ya san ƙarya yake yi, ya kuma san in ƙafar nan ta tafi, sana'ar ta tafi ke nan. Tsoro ya kama shi sosai, amma ko matarsa bai gaya wa ba.

Matar tasa tela ce, idonta a kan mizanin jikin mutane yake. Ta ga mijinta ya karkace gefe guda kamar rigar da aka yanka ba daidai ba, ta sa autarsu ta nemo likitan ƙashi a waya. Da ƙyar da jiɓin goshi aka kai shi.

Likitan farko saurayi ne mai fara'a. Ya gaishe shi, ya ce, "Baba, me ke tafe da kai?"

Kunne ya harɗe hannu a ƙirji ya ce, "Kai ne likita."

Bawan Allah ya yi dariya, ya ɗauka wasa ne. Da ya ga tsohon ba shi da niyyar ƙara ko harafi, sai ya auna jininsa, ya leƙa idonsa, ya ce jini lafiya lau. Kunne ya fito yana gaya wa auta cewa wannan ɗan koyo ne, ko ƙaramar sifana ba zai ba shi ya riƙe ba.

Wajen na biyu abin ya fi muni. Ya bar matarsa a kan benci a waje don kada ta tona, ya shiga a miƙe sambal yana cizon haƙora, wai kada ya ba likita satar amsa. Likita ya tambaya, ya sake tambaya, ya latsa cikinsa, ya sa shi ya buɗe baki ya ce aa. Daga ƙarshe ya rubuta masa maganin tsutsar ciki don kawai a rabu lafiya. A mota matar ta yi ta masifa har gida. Ta ce ita dai ba ta taɓa ganin mutumin da ya ɗauki asibiti wurin jarraba ma'aikata ba sai shi, kuma in ya ga dama ya ci gaba, ita ba za ta goya ƙato ba. Shi kuwa ya ce ai gwani ba ya tambaya.

Auta ba ta gaji ba. Ta bi wata ƙawarta ma'aikaciyar jinya, aka haɗa su da wata likitar tiyatar ƙashi a babban asibiti, dattijuwa mai tabarau a ƙarshen hanci. Wannan karon matar ta ƙi zaman benci, ta shige gaba ta zauna.

Likitar ba ta tambaye shi komai ba. Ta ce ya taka zuwa ƙofa ya dawo, sannan ya gwada tafiya a kan diddige. Ƙafar hagu ta ƙi ɗaguwa. Ta ce ya cire takalmi, ta ɗauka ta juya ƙasansa ta duba inda ya cinye, kamar yadda shi yake duba tayar mota. Ta ajiye ta ce ƙafar hagu ce, kuma daga baya abin ya taso. Kunne ya washe baki har kunne, ya juya wajen matarsa ya ce yau dai an zo wurin ma'aikata.

Sai ta ce, "To, tun yaushe ɗan yatsan ya daina ji?"

Murnar ta koma ciki. Ya sake harɗe hannu.

Ta cire tabarau ta dube shi. "Malam, 'yarka ta ce kai makanike ne. Mota ba ta da baki, shi ya sa kake wahala da kunne. Kai kana da shi. Jijiyar da aka danne in ta daɗe ba ta dawowa. In kana son ƙafarka, yi magana."

Kunne ya dubi ƙafarsa da ke kan tayil ba takalmi, wadda ko sanyin tayil ɗin ba ta ji sosai. Sai ya fara magana a hankali, kamar wanda aka kama da kayan sata. Ya faɗi akwatin giya, ya faɗi wayar wuta, ya faɗi katangar gareji da birkin da ya yi wa sharri. Ya ce yana tsoron ranar da zai zauna a kujera yana kallon wasu suna tuƙa motocin da ya gyara. Matar da ta zo da shirin faɗa sai goge ido take yi da bakin mayafi.

Aka tura shi ɗaukar hoton baya a wata na'ura mai kama da ƙaton bututu. Aka ce ya cire duk wani ƙarfe, ya juye aljihu, noti da kusoshi suka cika faranti. Mutane da yawa tsoron shiga bututun suke yi, shi kuwa da ya kwanta aka tura shi ciki sai ya ji kamar yana ƙarƙashin mota, har ya saki jiki. Aka ba shi wata 'yar roba ya matsa in ya ji ba daɗi, aka ce kada ya motsa. Na'ura ta fara ƙwanƙwasa, gaf gaf gaf. Kunne ya kasa kunne, ya daure, ya kasa daurewa, ya matsa robar. Ma'aikacin na'urar ya rugo a guje ya jawo shi, sai ya tarar da tsoho lafiyarsa ƙalau, yana gaya masa cewa injinsu yana bugawa, in ba su kashe shi yanzu ba zai ci kansa. Aka ce masa haka kukanta yake. Ya ce duk masu mota haka suke cewa. Sai da matar ta leƙo ta gilashi ta nuna masa ɗan yatsa sannan ya kwanta aka gama, yana gunaguni cikin ransa.

Likitar ta nuna masa hoton. Tsakanin ƙasusuwan baya akwai guringuntsi kamar 'yar matashiya, na ƙasa ya bulluƙo ya danne jijiyar ƙafa. Kunne ya gyaɗa kai ya ce da a mota ne, robar bushi ce ta fashe, ta ce ya kira shi duk abin da ya ga dama. Ba a makara ba, amma saura kaɗan. Ta ce za a fara da magani da motsa jiki kafin a yi zancen wuƙa, babu ɗaukar nauyi, babu tuƙi, kuma a riƙa taɓa ɗan yatsan kullum a ga ko ji yana dawowa.

Wannan aikin matar ta karɓe shi, da fil ɗin ɗinkinta. Kullum da safe kafin ta hau keken ɗinki sai ta ce baban auta ya miƙo ƙafa, ta ɗan caka, shi kuma ya kawar da kai ya ce babu. Ita kuma ta mayar da fil ɗin jikin rigarta. A gareji yana zaune kan kujera, yana sauraron injina, wani na tuƙa masa gwaji, abin yana cin ransa.

Wata safiya yana shan shayi, ƙafa a miƙe, hankalinsa na kan rediyo, ta caka. Kofi ya yi sama, shayi ya wanke masa wando.

"Wayyo! Ke kashe ni za ki yi?"

Ta tsaya da fil a hannu tana kallonsa, idonta ya kawo ruwa. Sannan ta kamo ƙafar da kyau, ta sake caka masa don ta tabbata.