Ƙofar da Baffa ya yanka da reza

Saura kwana uku in miƙa aikin kammala digirina na zanen gine-gine, sai na tarar da Baffa tsaye a kansa, da reza a hannu.

Ƙaramin samfurin tashar jirgin ƙasa ta Nguru ne, har da siton gyaɗa. Legas na aika aka yanko min siraran katakon da injin leza, na yi wata biyu ina mannawa. Ba ni da na canji.

Na ce, "Baffa, don Allah ajiye rezar nan."

Ya ce, "Ina ƙofar siton da ke kallon layin dogo?"

"Babu ƙofa a wurin. Da kaina na auna ginin."

"Bayan an toshe ta da bulo kika auna, 'yar boko. Shekara ashirin ina lodi a nan. Ta rufi muke fito da buhuna?"

Ya zura rezar, ya yanka ƙofa a bangon siton. Hannun nan mai rawa in ya ɗauki kofin shayi, ranar ko gezau bai yi ba.

Ranar da na miƙa aikin, malamaina suka wuce duk yankan injin, suka tsaya a ƙofar Baffa. Ɗayansu ya ce, "Ina kika samo wannan?"

Na ce, "Bincike, Malam."

Ku fa, wane tsoho ne a gidanku ya taɓa gyara muku boko?