Sunan da ke Ƙarƙashin Hotunan Yaya Chilsu

Yayana Bong Chilsu ba ya ji da kunnen hagu, in za ka yi masa magana sai ka zagayo ta dama. Mutane suna ɗauka rurin injin tankar yaƙi ne ya kashe masa kunnen sa'ad da yake soja, shi kuma yakan bar su da zatonsu. Ni ce ba na bari. Sunana Malsun, ni ce ƙanwarsa, kuma a kan idona aka yi komai.

Gaskiya ne ya yi aikin sojan dole a sashen tankoki, bakanike ne. Shekara uku yana kwance ƙarƙashinsu da sifana a hannu. Amma ya dawo gida da kunnuwansa biyu garau, sai dai wata irin ƙaunar ƙarfe da ya taho da ita wadda babu wanda ya gane kanta a gidanmu. Ya samu aikin tuƙa motar wani kamfanin ruwan waken soya na miya a garin Chuncheon, nan Koriya ta Kudu, yana kai jarkoki shagunan ƙauyukan kan duwatsu. Hanyoyin nan kuwa, kusan duk lanƙwasar da aka gwabza a cikinta lokacin yaƙin Koriya an ɗora wata tsohuwar tanka a kan dandamalin siminti, da ɗan allo a gefe. Direbobi sukan tsaya su yi fitsari a bayanta su wuce. Yaya shi ne ke tsayawa ya zagaye ta kamar mai neman aure.

Ya sayi tsohuwar kyamara a hannun wani mai gyaran agogo. Duk tankar da ya tarar sai ya ɗauke ta gaba da baya da gefe, ya auna faɗin sarƙar ƙafarta da tef, ya ƙirga tayoyin, ya rubuta a ɗan littafi mai baƙin bango. Matarsa Bunhi takan ce, "Ni dai da wata mace kake bi da na san gashin da zan ja. Yanzu wa zan yi wa? Tsatsa?"

"Ke ba ki gane ba," in ji shi. "Ruwa na cinye su. Nan da shekara talatin babu wanda zai san yadda aka yi waldar nan."

"To, in ba a sani ba sai shinkafa ta ƙi nuna?"

A kakar 1983, lokacin da ganyen duwatsu ya yi jawur, ya tsaya da hantsi a wata lanƙwasa inda aka ajiye tankar da sojojin Koriya ta Arewa suka gudu suka bari. Wata mai sayar da dafaffiyar masara ta hango mutum kwance a ƙarƙashin tanka yana awo yana rubutu. A zamanin nan duk turken lantarki da takarda manne a jikinsa, ana cewa in ka ga wanda ba ka yarda da shi ba ka kai rahoto. Ta kai. Kafin ya gama karkaɗe wandonsa mota ta tsaya, mutum uku suka fito.

Kwana goma sha tara ba mu san inda yake ba. An tsinci motar kamfani a bakin hanya da jarkokinta. Ni da Bunhi muka yi ta zarya ofis-ofis, kowa yana duban rufin ɗaki yana cewa bai san da zancen ba. A rana ta huɗu wasu suka zo gidan da takalmansu har kan shimfiɗa, suka kwashe duk hotunan da ya tara cikin shekara shida, da negatif ɗinsu, wato fim ɗin da ake wanko hotunan daga jikinsa, a kwalin taliya biyu.

Wanda ya riƙe shi wani jami'i ne mai suna Gu Panseok. Sunan ma sai bayan shekaru Yaya ya faɗa mini. Laifin duka shi ne, a hoto ɗaya, can bayan tankar, ana hango kusurwar ƙofar wani barikin soja, ƙofar da duk motar haya ke wucewa ta gabanta kullum. Gu ya yi ta tambayarsa wa ya aiko shi, wa zai kai wa awon. Yaya ya ce babu kowa, tankar ma ai ta abokan gaba ce, su suka ƙera abarsu, wane sirrinta zai sayar musu? Wannan amsar ce ta jawo masa marin da ya tafi da kunnen.

Da suka gaji suka sake shi. Ba kotu, ba tuhuma, ba ko takarda ɗaya da aka ba shi. Takardar da aka nuna masa ita ce wadda ya sa wa hannu cewa ba zai faɗa wa kowa inda ya kwana ba, ita ma suka riƙe. Kyamara da littafi da kwalaye kuwa, ko zancensu ba a yi ba.

Kamfani ya ce ba ya bukatarsa. Maƙwabtan da suke haɗa hannu da Bunhi wajen yin kimchi, kabejin da ake jiƙawa da yaji a ajiye don hunturu, suka daina kiran ta. Mijina, da yake ma'aikacin gidan waya ne, ya ce kada in sake taka gidan, kada a shafa masa. Na ce masa, "Kai ka aure ni daga gidan nan, ba daga gidan waya ba." Na ci gaba da zuwa, ya ci gaba da kumburi, har ya gaji.

Yaya ya kafa rumfar faci a bakin babbar hanya, nan ya yi shekara ashirin da biyar yana cire ƙusa daga tayoyin mutane. Shekara tara bai taɓa kyamara ba. Ranar da ya shigo da wata sabuwa a rataye, Bunhi ta ajiye ludayi ta dube shi.

"Ɗaya kunnen ma ya dame ka ke nan?"

"Zamani ya canza."

"Zamani ya canza, kai ne dai ba ka canza ba. In suka sake ɗauke ka, ni kam ba inda zan je."

Washegari ita ce ta naɗe masa shinkafa a ganyen teku ta cusa masa a jaka.

Haka ya sake farawa daga farko. Duk ranar da ya rufe rumfa sai ya hau bas, daga gidan tarihi zuwa dandamalin bakin hanya, har ya kai gaɓar tekun kudu. Masu gadin gidajen tarihi sun san shi, wasu suna ba shi kujera, wasu suna ɓuya, don in allo ya yi kuskure sai ya tsare su da bayani har shayinsu ya huce. Abin da ke cin ransa shi ne wasu daga cikin tankokin da ya ɗauka a da sun riga sun tafi. An faɗaɗa hanya an yanka wata an kai wa 'yan gwangwan, wata an lafta mata fenti mai ƙyalli har lambobin jikinta sun ɓace. "Da ma hotunana na da suna hannuna," yakan ce.

Shekara uku da suka wuce, gundumar da aka kama shi a cikinta ta buɗe ɗan gidan tarihi. Ya ce in raka shi, don gwiwarsa ta fara ba shi wahala. A hanya bas ta wuce lanƙwasar nan. Tankar tana nan, an shuka furanni kewaye da ita, an kafa allo mai siffar zuciya an rubuta: tsaya nan ka ɗauki hoto. Wasu masoya biyu suna tsaye suna ɗaga yatsu. Na ja tsaki. Shi kuwa cewa ya yi, "Kin ga sun sa mata fitilar da ba tata ba."

Muna shiga babban ɗakin gidan tarihin ya ja ya tsaya. Bango guda cike da hotunan tankoki, baƙi da fari, an faɗaɗa su kamar ƙofofi. Ya matsa kusa da na farko har hancinsa ya kusa taɓa gilashin, ya wuce na biyu, ya wuce na uku. Sannan ya juyo gare ni.

"Malsun," ya ce, "nawa ne."

Na sa tabarau na karanta abin da ke ƙasa. An rubuta cewa hotunan marigayi Gu Panseok ne, tsohon jami'i mai kishin tarihi, wanda ya ɓata shekaru yana zagaya ƙasa don kada a manta, kuma iyalansa ne suka ba da su kyauta.

Ban san lokacin da na ɗaga murya ba. 'Yan yawon buɗe ido suka juyo. Aka kira shugaban wurin, wani mai santsin fuska da katin aiki a wuya.

"Baba, Mama, a yi haƙuri, a rage murya. Mene ne?"

"Ɓarawo kuka rataye a bango, shi ne mene ne! Ga mai hotunan nan tsaye a gabanka!"

Ya yi murmushi irin na wanda ya saba da tsofaffi masu rigima. "To Baba, akwai wata shaida? Takardar kamu, ko ta kotu?"

"Ba su ba ni ba," in ji Yaya.

"Ka gani, ba takarda ba abin da zan iya. Iyalin marigayin mutane ne masu mutunci a garin nan."

"Mutunci?" na ce. "Zagayo ta hagunsa ka yi masa magana, ka ga mutuncin ubansu!"

Yaya ya ja hannun rigata. Na ɗauka zai ce mu tafi. Sai ya nuna hoto na huɗu ya ce wa shugaban, "Yaro, wannan kun rubuta ta Amurka ce. Ƙirga tayoyin. Biyar ne manya, ba ƙanana a sama. Ta Rasha ce."

A bas na ƙi yi masa magana har muka sauka. An sace maka shekara shida, an kurmantar da kai, an manna sunan wanda ya mare ka a kan aikinka, kai kuma tayoyi kake ƙirgawa! Da muka isa gida na faɗa masa haka. Ya ce, "Na ɗauka sun ƙone su, Malsun. Ashe suna nan." Ya shiga ɗaki ya rufe ƙofa, ko abinci bai ci ba.

Na rubuta wa gunduma wasiƙa bakwai. Amsa biyu na samu, duka suna cewa ana duba lamarin. Na je gidan ɗan Gu, ya yi mini magana ta ƙaramar lasifikar bakin ƙofa, ya ce mahaifinsa ya bauta wa ƙasa, in na sake zuwa zai kira 'yan sanda. Na ce ya kira, ai gadon gidansu ne.

Wadda ta warware abin wata ma'aikaciyar gidan tarihin ce, Seol Dahye, wadda take tsaye a gefe ranar da na yi ihu. Bayan wata biyar ta bugo waya ta ce mu zo da matar Baba, wato Bunhi. Ashe ta bi negatif ɗin ɗaya bayan ɗaya a lokacin hutun cin abincinta, wajen ɗari huɗu. A ƙarshen wani naɗin fim, bayan tankoki talatin da biyar, akwai hoton wata mace da tsohon ciki tana shanya a tsakar gida, ta juyo tana harara.

Bunhi ta dubi allon kwamfutar ta dafe ƙirji. "Ni ce! Siket ɗin nan ni na ɗinka shi da labulen uwata. Cewa nake yi kada ya ɓata fim a kaina, in ya so ya je ya ɗauki matansa na ƙarfe." Sai ta fashe da kuka, Dahye ma ta kama.

Shugaba ya ga hoton, ya ga Bunhi, ya ga takardar haihuwar ɗansu na fari, ya ce za a gyara. Gyaran da aka yi shi ne, an buga sunan Yaya a 'yar siririyar takarda an liƙa a kan na Gu a ƙarƙashin hotunan. In ka matsa kusa kana hango tsohon rubutun ta ciki. A bakin ƙofa kuwa, allon tagulla mai gode wa iyalin Gu saboda karamcinsu yana nan yana ƙyalli. Babu wanda ya ce a yi haƙuri. Negatif ɗin sun ce yanzu dukiyar gunduma ce, sai dai a ba shi kwafi. Kyamara da littafin awo, iyalin sun ce ba su taɓa ganinsu ba.

Yaya ya karɓi kwafin da hannu biyu, har da sunkuyawa. Ya kwana uku yana jera su kusa da sababbin, tsohuwar tanka da yadda ta koma, yana rubuta abin da ya ɓace daga jikin kowace. Dahye takan zo ranar Lahadi ta taya shi, ta kuma gyara allon hoto na huɗu da hannunta. Shekararsa saba'in da huɗu yanzu.

Makon jiya ya bugo mini waya yana ihu, kamar yadda kurame ke yi, wai akwai wata tanka a harabar wata makaranta a kudu da za a ɗauke kafin ƙarshen wata, in zo in riƙe masa jaka. Na ce zan zo, amma sai mun fara biyawa ta ofishin gunduma, ina da wasiƙa ta takwas a kan allon tagullar nan, kuma wannan karon a hannu zan miƙa ta. Ya ce bai ji ba. Na ce ya mayar da wayar kunnen dama.