Farantin da Ba Mu Mayar Ba

Ranar goma ga watan azumi ne, a shekarar da na shiga aji huɗu, saura kaɗan a kira magariba. Ina zaune a matattakalar benenmu a unguwar Bani Harisa ta Madina ina jiran a sha ruwa, sai na ga yaran maƙwabta suna hawowa ɗaya bayan ɗaya, kowa da faranti a rufe. Su ajiye a ƙofar Khala Rabi, ba sallama ba ƙwanƙwasawa, su juya da gudu. Na je na ɗaga murfin ɗaya. Abin da ta aika wa iyayensu ne da la'asar, ko gefensa ba a taɓa ba, ayabar tana nan a kai tana sheƙi. A unguwarmu faranti ba ya komawa gidan mai shi wayam. In an aiko miki da sambusa, ki mayar da shi da romon shurba, in babu ko da dabino ne ki zuba. Amma a mayar wa mutum da abincinsa yadda ya aiko, ban taɓa gani ba sai ran nan, kuma duk da ƙuruciyata na san zagi ne.

Khala Rabi baƙuwa ce a cikinmu. Mu kakanninmu ne suka zo hajji tun zamanin tafiyar ƙasa suka zauna, a nan aka haifi iyayenmu, Larabci muke yi a makaranta da kanti, Hausa kuwa sai a kicin da wajen faɗa. Ita daga Jos ta zo, ta biyo mijinta Malam Habu da yake karatu a jami'a, suka kama ɗakuna biyu a can sama kusa da rufin da muke shanya. Doguwa ce mai yawan dariya, ba ta iya ɓoye abin da ke ranta ba. Ta daɗe da aure ciki ba ya tsaya mata, sai a Madina ya tsaya, kuma a wannan azumin ya riga ya yi nauyi. Ba ta da wata magana sai ta haihuwar. Takan dafa cikin ta ce, "Ni dai in sauka a garin Manzo, shi ke nan, ban ƙara roƙon komai ba." Har sunan da za a sa ta zaɓa, in mace ce Madina.

Ni kuwa na maƙale mata ne saboda fudin, haka take kiransa. A Madina ba a zubar da burodi a shara. Wanda ya bushe a ƙulle shi a leda a rataye a bango, masu tumaki su zo su kwashe. Khala Rabi ta ce wa Ummi, mahaifiyata, ta daina ratayewa, ta riƙa aiko mata. Ayaba kuma Malam Habu ne yake sayowa wajen masu tebur a Uhudu, wadda ta yi baƙi maziyarta ba sa so. In na dawo daga makaranta sai in jefar da jaka, in ƙi zuwa wasan tsalle-tsallen barbar da ƙawayena suke zanawa da alli a ƙofar gida, in haye sama. Aikina in yayyaga burodin a babban kwano. Ita ta fasa ƙwai a madara, ta daka hel, ƙwayar ƙamshin da ake sa wa gahawa, ta zuba, ta juye a kan burodin mu bar shi ya sha. Sannan ta ɗora kasko, ta zuba sukari, ta hana ni taɓawa. "Ƙyale shi, Sumayya, sukari ba ya son a dame shi," in ji ta. Ya narke, ya yi ruwan zuma, ya fara duhu, kafin ya ƙone ta jefa man shanu da yankakkiyar ayaba, kaskon ya yi ta cuwa. Daga ƙarshe ta ɗauko kwalbar dibis, wato zumar dabino da wani abokin mijinta yake kawo musu daga Khaibar, ta miƙo mini cokali in zuba da hannuna. A jera ayabar a kan burodin, a tura cikin tsohon furun ɗinta, wato tanderun gas mai ƙofar da ake tokarewa da kujera. In ya fara gasuwa, har ƙasan bene ana jin ƙamshin.

Ƙamshin nan ne ya hawo da Ummu Faisal, matar mai gidan da dukanmu muke haya. Ban taɓa ganin mace mai ƙyamar asalinta irinta ba. Uwarta fura take damawa a wannan unguwar har ta rasu, kowa ya sani, amma ita in an yi mata Hausa sai ta yamutsa fuska ta amsa da Larabci, wai ta manta. Ba ta tuna Hausa sai za ta ci mutuncin wani, nan kuwa ba ta tuntuɓe. 'Yan Najeriya sababbin zuwa takan ce da su "mutanen can", tana karkaɗa awarwaron zinare har gwiwar hannu. Duk da haka tun kafin azumi ta hau benen nan da ƙibarta tana haki, ta zauna a tabarmar Khala Rabi ta cinye faranti, ta nemi ƙari, ta suɗe cokali. Ina wurin. Da ta ƙoshi sai ta ce, "Ya Rabi, min fen kika koyo wannan?" Khala Rabi, da farin cikin an yaba, ta saki baki. Ta ce babanta kukun Turawa ne a Jos, wajensa ta koya. Ta ƙara da cewa, "Su Turawan wata giya suke zuba masa, rum sunanta. Baba bai taɓa kawo ta gida ba, zuma yake sa mana. Ni kuma a nan dibis na samu, ya ma fi daɗi." Ummu Faisal ta ce mashallah, ta sa aka ƙulle mata saura ta tafi da shi.

Abin da ya faru daga baya ba ya buƙatar malami ya fassara. A farkon azumi mata suka yi ta yabon fudin ɗin Khala Rabi a gaban Ummu Faisal, ba wadda ta ce uffan game da basbusarta, kek ɗinta da ya saba shan yabo kowace shekara. Sai ta ɗauki rabin maganar ta fita da ita, ta bar ɗaya rabin a sama. A bakin ƙofa, a wajen tarawihi, a waya, ko'ina da murya ƙasa-ƙasa: "Wallahi ya ukhti ni ban ce komai ba, bas ita da bakinta ta ce da giya ake yin sa. Kuma ku ji warin ayabar nan." Ba wadda ta tambayi inda matar ɗalibi, mai ciki, da ko kanti ba ta zuwa ita kaɗai, za ta samo giya a Madina. Tambayar ba ta da wuya, ba sa son amsar ne kawai. Abin da ya fi ba ni haushi har yau, matan nan masu toshe hanci su ne kullum suke aiken 'ya'yansu layin subiya, wadda da busasshen burodi ake jiƙa ta a bar ta ta kwana har ta yi tsami. Wannan halal ce tunda kakanninsu sun sha. Ta baƙuwa ce abin tuhuma.

Washegarin ranar farantan, matan suka taru a falonmu. Na shigo da shayi bayan an sha ruwa, na ji ana ta jujjuya maganar, kowa tana a'uzubillahi tana kai sambusa baki. Na ajiye tiren na ce dibis ne, ni nake zubawa da hannuna, kuma Ummu Faisal ta sani don a gabana aka gaya mata, har ƙari ta nema. Ummu Faisal ta dube ni daga sama har ƙasa, sannan ta juya ga Ummi, Hausarta ta dawo tsaf: "Hajiya, ki ja wa 'yarki kunne. Kin bar ta tana kwana a sama, ga shi har ta koyi rashin kunya." Ummi ta ce, "Uskuti ya bint, rufe mana baki, wuce ciki." Na wuce ina kuka, ina jin suna dariya.

Ummi ba ta yarda da ƙaryar ba, na tabbata. Amma mu ma haya muke a gidan. Namu farantin ba ta mayar da shi a rufe kamar sauran ba, ba ta kuma cika shi ta aika ba. Ni da ƙanena muka cinye fudin ɗin, ta wanke farantin, farin tangaran mai zanen shuɗin fure a baki, ta ɗora a kan firji. Kullum in na ce in kai, sai ta ce gobe, bari a yi abu mai kyau tukuna. Ta kuma hana ni hawa sama. Ina jin takun Khala Rabi a bisa kanmu, a hankali saboda nauyi, amma ƙamshi bai ƙara saukowa ba. Burodinmu ya koma leda a bango.

Bayan salla mai gida ya kira Malam Habu ya ce yana son ɗakunan, ɗansa Faisal zai yi aure. Faisal ɗin da a lokacin ko gemu bai yi ba. Malam Habu ya zaga unguwa neman wani wuri, amma maganar ta riga shi isa ko'ina, kuma shi mutum ne mai gudun abin da zai kai sunansa jami'a. Ya koma ɗakin ɗalibai, ita kuma aka sa ta a jirgi tun likita bai hana ta tafiya ba. Ranar da za ta tafi na tsere na same ta a ƙofa. Ta rungume ni, cikin ya tokare tsakaninmu, ta ce, "Kada ki bari sukarin ya ƙone, kin ji?" Ba ta ambaci kowa ba, ba ta kuma tambayi farantinta ba. Matan da suka kore ta suna leƙe ta taga, har da mai ɗaga hannu tana fi amanillah. A Jos ta haihu, mace. Malam Habu ya gaya wa babana an sa mata Madina. Ɗakunan kuwa wani aka ba haya kafin wata ya ƙare.

Yanzu abin ya zama na gayu. Kantunan gahawa sun cika gari, suna sayar da fudin ɗin burodi da ayaba a ɗan ƙaramin kwano, da sunan Turanci, da tsada. Kwanan baya na ga jikar Ummu Faisal ta ɗora hotonsa a waya tana zuba yabo, kakar tata kuma an ce ba ta shan ruwa sai da shi, tunda haƙora sun zube. Na yi tsaki na kife wayar. Faranti ma ya daina yawo tsakanin gidaje, ɗan aike ne yake kawo abinci a roba, a ci a jefar, ba abin da za a mayar wa kowa. Da Ummi ta rasu muna kwashe kayanta, na sami farantin a ƙasan kabad, naɗe a tsohon mayafi, ta bi gida uku da shi ba ta taɓa zuba komai a ciki ba. Duk ranar goma ga azumi nakan tara busasshen burodi, in ƙona sukari, in zuba dibis, in juye a cikinsa. Yakan cika har baki. Inda zan kai shi ne ban sani ba.