Gwaggo Maɗaci da Guggurun Kek

Wannan guggurun ledar da kuke ta ɓarza kuna zubar mini a shimfiɗa shi ya tuno mini da Gwaggo Maɗaci. Katangarmu ɗaya da su a gidan da muka fara zama, tagar kicin ɗinsu tana kallon tawa, in an yi tari a can sai mu ce sannu a nan. An ce a faɗi alherin mamaci, to hannunta yana da zaƙi. Na faɗi alherin ke nan, na sauke nauyi. Saura duk baki ne.

Yaran layi suka sa mata Maɗaci, kuma ba su zalunce ta ba. In ka gaishe ta, ta ce me kake nema. In ka wuce ba ka gaishe ta ba, ta ce uwarka ba ta koya maka ba. Ta yi aure tun tana da jini a jika, mijin ya gwada iyakar haƙurinsa ya ga abin ya fi ƙarfinsa, Allah kuma bai ba ta haihuwa ba. Sai ta shiga aiki a gidan burodi, ɓangaren masu kek, tana fasa ƙwai tana kankare gwangwanaye har bayanta ya ranƙwafa. Da ƙarfi ya ƙare, ƙanenta ya ɗauko ta ya ba ta ɗan ɗakin da ke manne da kicin. Ƙanen ya rasu, gida ya koma hannun ɗansa Tela da matarsa, ita kuwa tana nan a ɗakin kamar ƙusa a bango.

A gidan burodin nan ta ƙirƙiro guggurunta, kuma ba ta yinsa sai da dalili, sai in ana wani sha'ani a gidan. Za ta fasa masara a babbar tukunya. Ta kawo garin kek irin na kwali ta soya shi a busasshen kasko har ƙarnin ɗanyar fulawa ya fita. Ta narkar da farin cakulan a kwano bisa ruwan zafi, ta zuba garin a ciki da ɗan bota, ta kwarara a kan guggurun tana juyawa a hankali, sannan ta watsa masa 'yan ƙananan alewar nan masu launi-launi, ta baza a faranti ya sha iska. Ka jefa ɗaya a baki, ka rantse kek kake ci, sai dai shi yana ƙaras-ƙaras. Ba ta taɓa koya wa kowa ba. In za ta yi, kulle ƙofa take, ta rataya zani a taga, wai idona yana da tsawo.

Matar Tela kuma ba kanwar lasa ba ce. Doguwa ce, ba ta ɗaga murya, amma in ta yi maka magana sai ka je gida sannan za ka ji zafinta. Kicin ɗin ƙarami ne, mutum biyu ba sa juyawa sai gwiwar hannu ta bugi ta wani, ga wuta a gefe ga masifa a gefe. Matar tana son ɗakin Gwaggo ta zuba kayan abincinta. Kullum tana kunnen Tela: Gwaggo tana da 'yar ƙanwa a can ƙarshen gari, mai babban gida, me zai hana ta koma can? Tela mutum ne mai gudun fitina, sai ya sunkuyar da kai a kan keken ɗinkinsa ya ce, “Amanar Baba ce. Ko ba komai, wa zai yi wa yara gugguru?”

To ashe matar ta riƙe wannan maganar. Da bikin ranar haihuwar babbar 'yarsu ya matso, wannan da kuke cewa bazde, sai ta sayo masara da cakulan da garin kwali, ta jera su a kan tebur inda Gwaggo za ta gani.

“Gwaggo, bana ku huta. Ni zan yi.”

“Ke za ki yi me?”

“Gugguru. Ai ba karatu ba ne. Shekara da shekaru ina wanke kwanukan da kuke ɓatawa, na san abin da ke shiga ciki.”

“Mai wanke kwano ma yana da ilimi, ashe. Kare ma yana lasar tukunya, ban ga ya yi girki ba.”

“Haka ne. Sai dai shi kare in an ba shi wurin kwana yana kaɗa jela.”

Gwaggo ta gane inda aka dosa. In guggurun matar nan ya yi daɗi, Tela ba shi da sauran abin faɗa, ɗaki ya tafi. Sai ta tashi ta shige ɗakinta. Da safen bikin ta jawo kujera ta dasa a bakin ƙofar kicin, ta naɗe hannu tana kallo. Ranar babu zani a taga, duk abin da aka yi a kan idona aka yi shi.

Abin haushi gare ta, matar ta iya. Ta soya garin, bai ƙone ba. Ta narkar da cakulan, ko ɗigon ruwa bai faɗa ciki ba. Gwaggo tana zaune tana kallo, har ta fara tunanin a wace jaka za ta sa tsummokaranta. Sai masara ta gama fashewa, matar ta ɗaga tukunya ta kifa ta gaba ɗaya cikin roba.

To a nan gizo ke saƙa. Gugguru ba a juye shi, ɗibarsa ake yi. Kowace tukunya akwai ƙwayoyin da ke ƙin fashewa, 'yan taurin kai, su kwanta a ƙasa. Gwaggo girgiza tukunyar take yi su zauna a gindi, ta riƙa kwasar na sama da hannu, ta zubar da sauran. In gugguru tsirara yake, ido zai ga ƙwayar ya kauce mata. Amma in ka lulluɓe shi da farin cakulan, ƙwayar za ta manne a jikin mai laushi ta sa farar riga, ta bushe ta zama tsakuwa. Wannan ba ya barin alama a kwano, mai wanke-wanke ba zai taɓa saninsa ba.

Gwaggo ta ji ƙarar ƙwayoyin suna faɗawa roba, tas-tas-tas. Fuskarta ta saki. Matar ta juyo ta ce, “Akwai gyara ne, Gwaggo?”

“Wa? Ni? Ai hutawa nake.”

Da yamma gida ya cika. An hura balan-balan, yara suna ta tsalle a falo, an ɗora faranti a tsakiyar tebur, fari sol da ɗige-ɗigen launi, ya yi kyau kam, ba zan ci haƙƙinta ba. Mahaifin matar ya zo, tsohon direban babbar mota, mutum mai son a san ya zo. Matar ta ce babu mai taɓawa sai Baba ya fara ɗanɗana girkin 'yarsa. Tsoho ya cika hannu ya watsa a baki, ya tauna, ya gyaɗa kai, ya buɗe baki zai yi yabo, sai muka ji ƙas. Ya dafe kunci. Ya tofa a tafin hannu, ga rabin turmin haƙori, ga jini, ga ƙwayar masara.

Aka janye faranti daga gaban yara. Matar ta tsaya kamar an dasa ta, hawaye na zuba, Tela yana neman ruwan ɗumi da gishiri. Har nan Gwaggo ta ci nasara. Da ta kama bakinta ta tashi ta shige ɗaki, da a ɗakin nan za ta mutu, don babu wanda zai sake ɗaga maganar tashinta. Amma mai hali ba ya fasa halinsa. Ta ƙyalƙyale da dariya a gaban baƙi, har tana buga cinya.

“Ai tun safe na ga haƙorin nan a ƙasa. Da ta kifa tukunyar na ce to, yau akwai wanda zai koma gida da giɓi. Gugguru ba karatu ba ne, ko ba haka kika ce ba?”

Tela ya ajiye kofin da ke hannunsa. Tunda nake da shi ban taɓa jin ya mayar mata da magana ba sai ranar.

“Gwaggo, kun gani?”

“Da idona.”

“Kuka yi shiru.”

“An ce in huta.”

“Yara ne fa za su ci. Da Baba bai fara ba, bakin 'yata zai shiga.”

Dariyar ta ɗauke daga fuskar Gwaggo. Don gaskiya tana son yarinyar, iyakar yadda irinta ke iya son mutum. Kawai dai tun safe ba ta tuna da ita ba, hankalinta yana kan matar.

Ba a yi mako ba Tela ya kira mota. Matar da kanta ta naɗe mata katifa, tana yi tana “Sannu Gwaggo, a hankali Gwaggo,” irin ladabin da ya fi mari ciwo. Gwaggo ta hana kowa taɓa tukunyarta, ta rungume ta a cinya a kujerar baya. Mu maƙwabta muka fito, kowa yana cewa Allah Ya kiyaye hanya, kuma da zuciya ɗaya muke faɗa, don muna son ta isa can ɗin.

A gidan 'yar ƙanwar ba a barinta ta kusanci wuta, wai hannunta yana rawa. Can ta ƙarasa kwanakinta a ɗakin baya, ba ta sake fasa ko ƙwayar masara ɗaya ba.

Amma ranar tafiyar, da direba ya ta da mota, Tela ya sunkuya ta taga idonsa jawur ya ce, “Gwaggo, ku yafe mini.” Ta dube shi daga sama har ƙasa, ta gyara zaman tukunya.

“Ka gaishe da surukinka,” in ji ta. “Ka ce ya riƙa tauna da hagu.”