Ƙwan Zabin Inna a Bakin Iyaka

A shekarar da cuta ta share zabin Inna na ga yadda tsohuwa take raguwa ba tare da wani ciwon da za a nuna wa likita ba. Mahaifiyata ce, Inna muke ce mata, kuma tun rasuwar mahaifinmu take zaune a wurina a Gwiwa. Zabin nan ba irin na kasuwa ba ne. Hurudu ne, masu launin toka, asalinsu daga gidan iyayenta, wani ƙauye a tsallaken iyaka cikin Nijar. Da ƙwansu ta zo gidan miji, ta riƙe irin har ni ɗanta na fara furfura. Cikin 'yan kwanaki suka bi juna, ko ɗaya ba ta tsira ba.

Na sayo mata wasu ranar kasuwa. Ta dube su, ta ce Allah ya yi mini albarka, ta koma ɗaki. Godiyar nan ta fi mini zagi ciwo, domin Inna ba ta yabon abin da take so, kushe shi take yi har sai ka gaji. Daga nan ta daina faɗa, ta rage cin abinci, tabarmarta ta daina fitowa tsakar gida. Tsoro ya kama ni sosai.

Matata ce ta kawo shawara. Damina ta sauka, zabi suna ƙwai, ga kazarta ta fara kwanci. Kowa ya san zabuwa ba ta iya reno ba, kaza ake saka wa ƙwanta ta ƙyanƙyashe. Ta ce in je wurin Kawu, ƙanin Inna, ko da sauran irin a gidansu. Na rufe shagon ɗinkina na kama hanyar Babura, ban gaya wa Inna inda na nufa ba.

Irin yana nan. Matar Kawu ta zaɓo mini sababbin ƙwai, ta hana a wanke su, ta ɗiga wa kowanne gawayi, ta jera su a ƙwarya cikin ƙaiƙayi, tsinin yana kallon ƙasa. Ta ja mini kunne kan abu uku: kada rana ta dake su, kada su sha girgiza, kada su kwana a hanya. Sai ta haɗo da tsarabar da ba a tambaye ta ba, cuku da man shanu da kwalbar zuma.

A bakin iyaka aka sauke mu don duba kaya. Jami'in kwastan ɗin da na faɗa hannunsa dogo ne, ya manyanta, tabarau na rataye a wuyansa. Ya ɗaga cukun ya ajiye. Ya jijjiga kwalbar zumar ya tambaya ko an gauraya ta da sukari, na ce yadda ta fito daga amya haka take. Sai ya nuna ƙwaryar da na rungume.

"Malam, wannan fa?"

A nan tarbiyya ta kusa kashe ni. Mu ba a koya mana mu kambama abin da ke hannunmu ba. Ko bijimin sa ka kai wa mutum, cewa za ka yi ga ɗan abin miya. Ga kuma kunya: ƙato da ni, mai iyali, in tsaya gaban jama'a in ce na ƙetare ƙasa saboda zabin uwata. Sai na washe baki na ce, "Ranka ya daɗe, ba wani abu ba ne, ɗan ƙwai ne na karin kumallo. Ɗebi mana a dafa wa yara."

Bai yi dariya ba. Ya sa tabaransa ya ce, "To in na karin kumallo ne, a nan zai tsaya. Ƙwan ci ba ya shigowa."

Ni mutum ne mai saurin hawa, kowa a gidanmu ya shaida. Na ji jini ya hau mini ka. Na fara cewa ai cuku ma ci ake yi, zuma ma sha ake yi, me ƙwai ya yi wa gwamnati. Fasinjojin motarmu suka fara tsaki, direba yana danna oda. Da na sauke, jami'in ya matso. Abin da ya fara yi shi ne ya karɓi ƙwaryar da hannu biyu, ya ɗauke ta daga rana ya ajiye ƙarƙashin benci, a inuwa. Wannan ne ya rufe mini baki.

Ya ce in zauna. Ya bayyana mini cewa a tsarin aikinsu kowane kaya da gidansa. Madara, nono, man shanu, cuku, ƙwai da zuma duk babi ɗaya suke, amma kowanne da layinsa. Zuma tsantsa daban, wadda aka yi wa gauraye ta bar gidan zuma ke nan. Ƙwai kuma kashi biyu ne, na ci da na ƙyanƙyasa. Na ci an hana shigo da shi, na ƙyanƙyasa yana da hanya. Ya ce ɗan cukuna da zumata guzurin matafiyi ne, ba su dame shi ba.

"Sabon ƙwai, ko ka ɗaga shi a rana ba za ka ga komai a ciki ba," in ji shi. "Bakin mai kaya muke fara bi, kai kuma bakinka ya ce na ci ne. Amma ban taɓa ganin mai soya ƙwai ya ɗiga masa gawayi ba, ko ya rungume shi kamar jariri. Zan sake tambayarka, Malam. Ka ajiye ladabi, ka ba ni gaskiya. Ina za a kai ƙwan nan?"

Na faɗa masa. Na faɗi zabin, na faɗi tsohuwar da ta daina faɗa, na faɗi kazar da ke kwance tana jira a Gwiwa.  Ya saurara kansa a ƙasa. Ya tambaya ko akwai maza a garken Kawu, na ce akwai. Ya tambaya ko cuta ta shiga musu bana, na ce lafiyarsu lau.

Bai sallame ni da baki kawai ba. Ya ce wannan ba hurumin kwastan kaɗai ba ne, sai ma'aikacin lafiyar dabbobi ya gani. Shi da kansa ya taka ya kira shi, ya kuma roƙi direbanmu ya ƙara haƙuri. Aka duba, aka yi rubutun da ya kamata, aka miƙo mini ƙwaryata. Saboda halin nawa bai sake ni ba, na sake cewa ya ɗauki ko biyu. Wannan karon ya yi murmushi.

"Kana so ka mayar da mu baya ke nan. Je ka, rana tana yi. Ka gaida Inna."

Ban san sunansa ba, ban kuma sake ganinsa ba. Da ya riƙe maganata ta farko, babu wanda zai ce ya yi zalunci, ni na faɗa da bakina a gaban shaidu. Ya zaɓi ya sake tambaya. Har yau ina yi masa addu'a, shi da iyayensa.

Daga Babura zuwa Kazaure ƙwaryar tana kan cinyata. Daga Kazaure na hau babur, na yi ta faɗa da mai babur kan kowane rami har ya ce ko dai in sauka in taka. Kafin magariba matata ta saka ƙwan ƙarƙashin kaza. Muka ɓoye wa Inna, don kada mu sa mata rai a abin da ba mu da tabbas.

Kusan wata muka yi muna leƙen akurki. Wasu ƙwan sun zama baragurbi, hanya ta taɓa su. Sauran suka fashe wata safiya bayan ruwa. Na ɗauko 'yar jaririyar zabuwa ɗaya a tafin hannu na shiga ɗakin Inna na durƙusa. Ta daɗe tana kallonta. Ta shafa bayanta da yatsa, ta juya ta, ta dubi ƙafafun.

"Daga gidanmu ne," ta ce.

Na ce daga can ne.

Ta goge ido da gefen mayafi. Sai ta ɗago ta harare ni.

"Haka ake riƙe su? Za ka karya mata wuya. Me kuka ba su?"

Na ce tsakin gero.

"Tsaki, ga jariran zabi. Ba wanda ya yi tunanin nemo musu gara a gidan nan? Ku duka ba ku san komai ba. Kama ni in tashi."

Na kama ta. Ba ta da nauyi ko kaɗan, hakan ya sosa mini rai, amma ƙafarta ta taka ƙasa da ƙarfi. A bakin ƙofa ta tsaya ta ƙwala wa matata kira, ta ce a shimfiɗa mata tabarma kusa da akurki, kuma a dama mata fura da kauri, a nan waje za ta sha.