Jaririn da Ya Girmi Ubansa

Jama'a, ku ji abin da manhajata ta yi mini yau.

Akwai wani ƙaramin asibiti a Dutse Alhaji da na yi wa tsarin rajistar haihuwa. Da safe ina cikin mota daga Kuje sai Sista Rifkatu, nas ɗin da ke shigar da bayanai, ta kira ni. Ta ce, "Oga, ka zo yanzu. Jaririn da aka haifa ɗazu, takarda ta ce an haife shi 1 ga Janairu, 1970."

Na iske uban yaron, Malam Sabi'u, zaune a benci da takardar a hannu. Ofishinsu ba za su ba shi hutu ba sai ya kai ta yau. Ya ce, "Malam, ni dai na san na riga shi zuwa duniya. Ina tsaye a ƙofar nan aka haife shi."

Na buɗe kwamfuta. Ashe Sista ta rubuta 25/03, rana kafin wata, yadda kowa ke yi. Shi kuwa ɓangaren manhajar da ke juya kwanan wata, wata yake jira a farko. Ya nemi wata na ashirin da biyar ya rasa, na kuma riga na saita shi ya sa sifili in ya rasa. Sifili a wurinsa shi ne 1 ga Janairu, 1970, ranar da kwamfuta ke fara ƙirga lokaci daga kanta. Layi ɗaya na gyara, aka buga sabuwar takarda.

Sista ta ɗauki tsohuwar za ta yaga, Malam Sabi'u ya miƙa hannu ya karɓe.

Ya ce, "Bar ta, Sista. Saura shekara kaɗan ya yi ritaya."