Kawu Sha-Wuya a Kujerar Gaba

Kawuna mai aski ne, ƙanin mahaifiyata. Shagonsa yana bakin layinmu, tsakanin mai cajin waya da mai walda. A ciki akwai kujera mai juyawa wadda ta daina juyawa tun ina firamare, da madubi mai tsaga a kusurwa, da bencin masu jiran layi. Amma in ka tambaye shi sana'arsa ba zai fara da aski ba. Zai gyara wuyan riga ya ce maka shi ɗan wasan kwaikwayo ne, askin kuwa taimakon jama'a yake yi don kada su koma daji.

Ƙungiyar wasan unguwarmu ba ta da yawa. Akwai tela, da mai walda, da malaman makaranta, da wasu 'yan mata da ke zuwa ranar da za a ɗauki hoto. Sai Darakta, tsohon hedimasta wanda ya yi ritaya daga aiki amma bai yi ritaya daga tsawa ba. Ni kuma da na gama jami'a na dawo gida, suka duba zurfin karatuna suka ga ya dace a damƙa mini igiyar labule.

Wasan taimako ne aikinsu. In wani a unguwa ya shiga wani hali, sai a ari ɗakin taro na makaranta, a jera bencina, a ɗaura zannuwan gado a matsayin labule, a yi wasa, a zagaya da kwano. Suna da ƙa'ida guda wadda Darakta ya kafa: wasan dole ya kasance a kan masifar shi wanda za a taimaka. A cewarsa hannun mutum ba ya shiga aljihu sai idonsa ya jiƙe. Shi kuwa mai masifar, sai a zaunar da shi a gaba, kan kujerar kushin da ake arowa daga ofishin hedimasta, don jama'a su riƙa duban wasan suna duban sa, su tabbatar ba a cuce su ba.

Wanda ke fitowa a matsayin mai masifar kullum Kawu ne. Daga nan ya sami sunan Sha-Wuya.

Da mai gyaran takalman layinmu, wanda kowa ke kira Shumeka, ya faɗo daga babur ya karye, Kawu ya fito yana jan ciki a kan dandamali, ƙafafu duka biyu a naɗe, yara sun kewaye shi suna kukan yunwa. Shumeka 'ya'yansa biyu ne, kuma duk sun yi gemu. Yana zaune a kujerar gaba ya ja hula ya rufe fuska. Da aka tashi ya ce, "Mai Aski, ni fa ƙafa ɗaya na karye."

"Ƙafa ɗaya ba ta cika kwano," in ji Kawu.

Da aka yi wasan tsohon maigadin makaranta mai fama da tari, Kawu ya yi ta tari har jijiyoyin wuyansa suka fito, ya yi wasiyya, ya miƙe ƙafa ya mutu. Maigadin yana nan a kujerar gaba yana kallon jana'izarsa. Washegari mata suka yi ta zuwa yi wa matarsa gaisuwa, shi ne ma yake shimfiɗa musu tabarma.

Kawu bai taɓa ganin aibin haka ba. Yakan ce da ni, "'Yar Yaya, wahala in ba a zuba mata gishiri ba, ba ta da ɗanɗano."

To, ana nan sai hannunsa na dama ya fara rawa.

Da farko kaɗan ne. Ya ce injin askin ne ya tsufa, ya sayi sabo. Ya ce wutar ce ba ta da ƙarfi. Ya ce mai walda ne ke girgiza masa bango. Ran nan ya ɗan taɓa kunnen tela da reza, ya ce telan ne ya yi atishawa a zuci. Sannu a hankali bencin ya fara hutawa. Mutanen da suka girma a ƙarƙashin almakashinsa suka koma bin ɗaya gefen titi, hula a danne har gira, don kada ya ga sabon askin da aka yi musu a wani wurin. Shi kuma ya koyi sa hannu a aljihu kamar babban ma'aikaci.

Likita ya ce ciwon na lallaɓawa ne da magani, ba na warkewa ba, kuma dole ya ajiye reza. Kawu ya dawo ya shaida wa Umma cewa likita ya ce 'yar gajiya ce. Bai san ina tsaye a bakin ƙofar likitan ba. Da na faɗa wa Umma gaskiyar, ta yafa mayafi ta tafi gidan Darakta.

Da labari ya iso wa Kawu, ya shigo gidanmu ko sallama bai ƙarasa ba.

"Yaya, ni za ki kai a yi wa wasa? Ni? Bara nake yi?"

"A'a, kai ai taimako kake karɓa. Waɗanda ka yi wa ne mabarata."

"Wannan daban."

"Daban ne mana. Wanzami ba ya son jarfa." Ta ci gaba da ninke wanki. "Auta, maganin nan ba da tafi ake sayen sa ba."

Ba kunyar kwanon ce ta fi damun sa ba. Ya san abin da wasan ke yi wa mutum. In aka nuna shi yana karkarwa a gaban duk unguwa, ba mai sake miƙa masa kai, shagon ya mutu ke nan. Don haka ya gindaya sharaɗi: zai yarda, amma shi zai fito a matsayin kansa. Dabararsa ita ce ya riƙe linzamin abin, ya nuna ciwon ɗan ƙanƙane, wanda mutum zai iya tausaya masa yau gobe kuma ya zo aski.

Ranar gwaji ya hau dandamali ya tsaya, hannu a aljihu. Darakta ya ce, "To, an gaya maka ba ka ƙara aski. Mu gani."

Kawu ya yi gyaran murya. "Alhamdulillahi. 'Yar gajiya ce."

"Me?"

"Za ta wuce."

"Ina kukan? Ina faɗuwar? Fito da hannun nan mu gan shi!"

"Ai ba a nuna komai da komai a wasa, Malam. Akwai kawaici."

Tela ya shafa kunnensa. "Yau kuma? Kawaici ya zo unguwa."

Aka sake, aka kuma sakewa. Mutumin da ya taɓa suma a kan dandamali don akuyar wani ta ɓace, ya kasa ko ɓata fuska. Darakta ya cire tabarau ya goge, ya ce cikin tausasawa irin ta mai korar ɗalibi, "Mai Aski, gaskiya ba ka dace da wannan matsayin ba. Ba ka yi kama da shi ba."

"Da wa?"

"Da mutumin."

"Malam, ni ne fa mutumin!"

"Shi ya sa nake mamaki."

Aka ba mai walda matsayin. Shekara da shekaru yana fitowa a matsayin maƙwabcin da ke cewa "sannu" ya fice, yana kallon Kawu yana haddace duk salonsa. Da aka faɗa masa, saura kaɗan ya rungume Kawu. "Oga, ba zan ba ka kunya ba. Duk abin da ka koya mini zan zuba."

"Abin da nake tsoro ke nan," in ji Kawu.

Ranar wasa ɗakin ya cika har tagogi. Aka kawo kujerar kushin, Kawu ya zauna cikin farar riga mai faɗin hannu, ya cusa hannun damansa a ƙarƙashinta. Shumeka ya zo da wuri musamman ya kama bencin da ke bayansa. Daga inda nake riƙe da igiya ina ganin su ta ɓular zanin gado.

Na ja labule. Mai walda ya shigo da farar riga irin ta Kawu, yana karkarwa tun daga kai har ƙafa kamar tsohon janareto. Ya zuba wa kansa ruwan sha a ƙirji. Ya zaunar da tela, ya ɗaga reza, kunnen roba ya faɗo ƙasa, tela ya zunduma ihu. Ɗakin ya kece da dariya. Daga nan aka shiga ɓangaren kuka. Mai walda ya durƙusa ya rungume ƙafar kujera yana cewa ya zama abin tausayi, ba shi da amfani, gara ƙasa ta rufe shi. Mata suka fara jan hanci.

Shumeka ya sunkuyo kusa da kunnen Kawu. "Yaya kujerar? Akwai laushi ko? Ka yi haƙuri, yanzu za ka mutu, sai a tashi."

Kawu ya jure faɗuwar, ya jure kunnen roba. Abin da ya kasa jurewa shi ne lokacin da mai walda ya fara kaɗa ƙugu. Ya miƙe zumbur.

"Kai! Wa ya koya maka haka?"

Mai walda ya daskare, baki a buɗe.

"Hannu ne ke rawa, ba ƙugu ba! Kiɗa aka sa maka?"

Kafin Darakta ya tare shi ya hau dandamali. Ya fizge almakashi da mataji daga hannun mai walda. "Matsa. Kalli nan."

Ya fito da hannun. Ba wata babbar karkarwa ba ce. Rawa ce ƙarama, wadda ba ta hutawa, bakin almakashin yana taɓa matajin yana ƙas, ƙas, ƙas. Ya kai shi kusa da kan tela ya tsaya, ya sa hannun hagu ya riƙe wuyan na daman, duk da haka bai daina ba. Ɗakin ya yi tsit, har ana jin kukan fanka. Ina ganin fuskarsa lokacin da ya farga da abin da ya yi, abin da ya yi wata da watanni yana ɓoyewa a aljihu ga shi ya baje a gaban kowa. Na fara jan igiya. Darakta ya damƙe mini hannu. "Ke, bari! Kada ki ɓata mana."

Sai wani ya yi fito daga baya. Tafi ya ɓarke.

"Sha-Wuya! Ba a yi ba, ba za a yi ba!"

"Kun ga hannun? Wallahi sai ka rantse da gaske ne!"

"Ashe shiri ne! Kai, mutanen nan!"

Kawu ya dubi jama'a. Na ɗauka zai yi magana. Amma tafi tafi ne, kuma ya daɗe bai ji irin wannan ba. Ya dafa ƙirji ya rusuna. Kwano ya cika ya tumbatsa, Darakta kuwa ya tsaya a bakin ƙofa yana gaya wa duk mai fita cewa tun farko haka ya tsara.

Kafin gari ya waye unguwa ta yanke hukunci. Mutumin da ya karye a gabansu ya tashi, ya mutu a gabansu ya tashi, ai rawar hannu ba komai ba ce a wurinsa. Lafiyarsa lau. Tun watannin baya ma shiri yake yi wa wasan, kunnen tela kuwa sadaukarwa ce.

Da hantsi Umma ta aike ni da maganinsa. Na tarar da bencin ya cika, wasu a tsaye, huluna a hannu. Abin da yake roƙon Allah ya ba shi, ga shi ya samu, har da ƙari. Wani direba ne a kan kujera, an ɗaura masa ƙyalle a wuya. Kawu ya kunna inji ya matso. Ya dubi ƙeyar mutumin, ya dubi hannunsa a madubi.

"To Sha-Wuya, a daina wasan haka nan," in ji direban. "Ai an rufe labule."

Aka yi dariya. Kawu ya kashe injin.

"Ba wasa ba ne. Ba zan iya ba."

"Kun ji shi! Har muryar!"

"Na ce ba zan iya ba. Hannun ya tafi. Ku gangara ƙasan layi, akwai sabon shago, mai shi ya iya."

Wani ya fara tafi, ya ga shi kaɗai ne, ya bari. Kawu ya kwance ƙyallen daga wuyan direban, ya kakkaɓe shi duk da ba gashi a jiki, ya rataye. Suka fita ɗaya bayan ɗaya. Wasu na murmushi suna waiwaye, suna jiran ya kira su ya ce ya kama su. Bai kira ba.

Da shagon ya zama ba kowa sai ya zauna a kan kujerar askin. Ban taɓa ganin sa a kanta ba. Na ɓallo masa maganin, na riƙe masa kofin ya sha. Ya daɗe yana kallon titi.

"'Yar Yaya, ke da kika yi jami'a. Wasan jiya, ya kika gan shi?"

Na ce ya yi kyau.

"Ƙarshen ne ya yi kyau." Ya goge baki da hannun hagu. "Mai waldan nan ba zai taɓa iya wasa ba. Ya cika zuzuta abu. A ina ya taɓa ganin mutum ya wahala haka?"